Kawuna Tara na Albasar Gidan Gado

Magaji Gado yana da shekara sittin da uku. Manomin albasa ne a Jiga Birni, kusa da Aliero, kuma shi ne na uku a gidansu da ya riƙe irin da mutanen yankin ke kira 'yar Gado. Ja ce, ba ta da girma, wuyanta siriri. Abin da ya sa ake nemanta shi ne jure ajiya: a cire ta a watan Maris, ta kai ƙarshen damina a cikin rudu ba ta ruɓe ba. Rudu kuwa gadon kara ne da ake ɗagawa daga ƙasa, a lulluɓe shi da ciyawa, iska na ratsa shi.

Jiga Birni ƙaramin gari ne. Da damina gero da dawa ake yi, da rani kuma kowa ya gangara fadama da gugarsa. Wanda ba shi da fili yana ɗinkin buhu ko lodin mota. Tun zamanin kakan Magaji gidansu ba ya sayar da iri. Duk wanda ya zo da gwangwani sai a cika masa, shi kuma ya dawo ya taya dashe na yini guda. Ta haka 'yar Gado ta kai har Katanga da Liba.

Sai dai ƙwayar albasa ba ta wuce shekara guda da rai. Dole kowace shekara a zaɓi kawuna masu kyau a ajiye, a binne su bayan damina, su yi fure, su ba da sabuwar ƙwaya. Aka tsallake shekara ɗaya, iri ya tafi ke nan.

A ranin 1993 ƙwari suka faɗa wa furen Magaji. Tun bai bushe ba ya murza kan fure ɗaya a tafin hannunsa, ya ga ƙaiƙayi zalla. Abin da ya rage masa su ne kawunan da ke cikin kwami, wato fangalin shuka a fadama, saura wata guda a cire. Tsoro ya kama shi. So yake su yi ƙarfi, kada ko ɗaya ya gaza.

Tun da aka yi sabuwar jiha manyan motoci suka ƙaru a hanyar Jega, masu saye kuma babbar albasa suke so, don haka takin zamani ya cika kasuwa. Mahaifin Magaji kashin shanu kawai ya sani, wanda Fulani ke bari idan sun sauka a gona bayan girbi. Magaji ya je Jega ya ɗauko rabin buhun takin zamani. Matarsa Hamsatu ta gan shi yana kwance bakin buhun.

"Malam, Baba bai taɓa zuba mata wanga gishiri ba."

"Baba bai ga shekara irin wagga ba," in ji shi.

Ya zuba takin, albasa ta kumbura kamar ba ita ba. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallo, suna ɗagawa suna jinjinawa. Ya zaɓi kwando huɗu ya jera a rudu.

Hamsatu ce ta fara jin warin, a tsakiyar watan Yuli. Da aka yaye ciyawar sai ga ruwa yana ɗiga ta ƙasan kara. Takin da aka zuba a ƙurarren lokaci ya kaurara wuyan, bai bushe ba, ruɓa ta shiga ta nan. Magaji ya zauna a ƙasa yana latsa su ɗaya bayan ɗaya. A ranar, kwando guda ne ya tsira. Bayan mako biyu rabinsa ya bi sauran.

Ya hau keke ya tafi Katanga wurin Alu, sa'ansa, wanda ya shekara ashirin yana karɓar iri a hannunsa.

"Kai da ka hana mu taki, kai ne ka zuba?" Alu ya yi dariya, sannan ya dubi fuskarsa ya daina. "Zo ka gani da idonka."

Ya buɗe masa rudunsa. Wasu farare, wasu sun rabu biyu, wasu ja amma da ƙaton wuya.

"Mi ya same ta, Alu?"

"Shekarun baya munka binne taka kusa da wadda munka sawo Jega. Ƙudan zuma sunka gauraya furen. Ɗebi ko nawa kake so, wallahi ban hana ka."

"Wagga ba tamu ba ce."

"To ita ke akwai, tsoho."

Bai ɗauka ba. A Liba ya tarar mutumin da ya je nema ya bar albasa ya koma shinkafa. A garinsu ya bi gida goma sha ɗaya, ko'ina labarin ɗaya ne: kowa ya dogara cewa tsantsar tana gidan Gado, ba wanda ya ware nasa.

Yanzu watan Satumba ne, kawuna tara suka rage. Huɗu sun fara tsiro, kuma tsiron yana shanye su, kullum suna ƙara laushi. Lokacin binnewa saura mako biyar. Idan ya jira, za su ƙare a hannunsa. Idan ya binne yanzu, ruwan sama bai ɗauke ba, ƙasa na iya ruɓar da su. Hamsatu ta ce ya daina latsa su haka nan, yatsansa ma ciwo yake ji musu. Tuwo kuwa sai ta tsaya a kansa yake ci.

Ranar Litinin da ta wuce ya tara yashi da busasshen kashin shanu a bayan ɗakinsa, ya ɗaga kwami har ya kai gwiwa, ya kafa masa zana a sama don tare ruwa. Ya rataye biyar ɗin da ba su tsiro ba a jikin azara, ya yi bisimilla ya binne huɗun.