Shafin Da Jan Bironka Bai Taɓa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, da ƙarfe sha ɗaya saura kwata na safe, Allah Ya karɓi ran shugaban sashenmu na rumbun bayanai, wanda duk ofis ke kira Malam Ƙasan-Shafi, bayan jinyar kwana shida.

Malam, wata bakwai da kwana huɗu na yi a ƙarƙashinka. Rana ɗaya ka ɗauke mu aiki, ni da Dogo, muna gama jami'a, kuma sakamakona ya fi nasa. Amma kujerarsa ce kusa da teburinka. Tawa tana bakin ƙofa, jikin injin buga takardu.

Da aka ɗora mana aikin kwatanta kamfanoni uku masu son sayar wa ma'aikatarmu manhajar rumbun bayanai, sau biyar wakilansu suka zo, sau biyar ka shiga ganawa da su tare da Dogo. Ni ka bar mini takardun tallarsu, ina jiyo dariyarku ta bango. Ban taɓa gaya maka yadda abin ke cin raina ba.

Garin son in burge ka na tafka kuskure. Kamfani na biyu ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa manhajarsa tana kammala hada-hada dubu casa'in a sakan ɗaya, lasisinsa kuma ya fi araha. Na sa shi a kan gaba. Ba ka kunyata ni ba. Sai da Dogo ya fita cin abinci ka ɗora rula a ƙasan shafin, inda rubutun ya yi ƙanana kamar tururuwa. Ashe a injin kwamfuta mai ƙwaƙwalwar sarrafa aiki guda 128 aka yi gwajin, namu 16 gare shi, lasisin kuma kan kowace ƙwaƙwalwa ake biya duk shekara. Kafin mu kai wannan gudun sai mun biya ninki takwas. Ka ce, "Ɗana, daga ƙasa ake fara karanta takardar ɗan talla."

Ranar da aka kwantar da mahaifiyata, kai ka kai ni asibiti da motarka, ka jira ni awa biyu cikin rana. Ban manta ba. Sai dai Dogo ne ya san hanyar gidanka.

Jiya babbar 'yarka ta kawo jakarka ofis. Littafin da ka shekara ashirin kana rubuta gwaje-gwajenka a ciki, sunan Dogo ka rubuta a bangonsa. Nawa rabon shi ne rahoton da na sake rubutawa sau huɗu: gyara arba'in da ɗaya da jan biro, daga shafi na ɗaya zuwa na sha ɗaya. Shafi na sha biyu, inda na zaɓi kamfani na uku domin manhajarsa ce kaɗai ba ta durƙushe ba da muka jibga mata aikin ƙarshen wata, ko ɗigo babu. Ka yarda da shi ne, ko ciwo ne ya tsayar da biron? Ranar Litinin zan tsaya da shi gaban kwamitin da zai zaɓi kamfanin.

Na haɗiye girman kai na tambayi Dogo. Ya ce, "Ai ya karanta shafin, a gadon asibiti. Cewa ya yi kada a taɓa ko wasali."

Na yi masa godiya. Sau biyu na je duba ka, Malam, duka kana barci. Maganar da na yi wata bakwai ina jira, ita ma a kunnen Dogo ka zuba ta. Zan gabatar da shafin yadda ka bar shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba iyalinka da 'ya'yanka huɗu haƙuri. Ya ba Dogo ma, don na san ya yi rashi. Ni kuma Ya wanke mini zuciya. Amin.