Ruwan Randar Inna

Da aka ba ni gurbin bincike na digirin mastar a kan ruwan sha na cikin gari, Magariya na zaɓa don kusa take da gida. Aikina shi ne in bi gida-gida da ƴan kwalabe ina ɗibar ruwan pompo, na rijiya da na randa, in kai labo, ɗakin gwaje-gwaje, a Damagaram. Duk gidan da na shiga sai an miƙo mini ruwan baƙo, ni kuwa in kwankwaɗa kafin in buɗe jaka.

Malamin da ke duba aikina ya ce in samo ruwa mai tsabta wanda za a gwada sauran da shi. Ban yi wani dogon tunani ba, na hau moto sai Dogo-Dogo, wurin Inna, mahaifiyata. Randarta kullum sai ta wanke, ta turara ta, ta rufe da faifai. Har cika baki na yi a labo, na ce za su ga ruwa.

Suka kuwa gani. Ma'aikaciyar labon ta ajiye mini takarda ta ce, "Wannan kwalbar daga wane tafki ka ɗebo ta?"

Na duba lambar kwalbar, ta randar Inna ce. Na ce kuskure ne, na sake ɗebowa, aka sake gwadawa, bai canja ba. Ruwan rijiyar da Inna ke ɗiba lafiya lau yake fitowa. A randa yake lalacewa, domin moda ɗaya ce, kowa ya dawo daga turken awaki sai ya tsoma ta har da yatsu. Ruwan da na sha tun ina rarrafe ke nan.

Ran da na koma gida, ko takalmi ban gama cirewa ba Inna ta miƙo modar, ruwa na ƙamshin turare.

"Sha mana, ka sha rana."

Na riƙe, na kasa kai ta baki. Na yi ta kame-kame a kan ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Wallahi kunya kamar in nutse.

Ta dube ni ta ce, "Au, ƙazama ce ni yanzu?"

Ta karɓe modar daga hannuna, ta shanye tas a gabana, ta kife ta a kan faifan. Har na bar garin ba ta ƙara miƙo mini ruwa ba.