Takardar Sule Goma Da Baba Bai Rubuta Wa Suna Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Bukar mai awon gyaɗa a Chinade. Na so in tuna shi bana da kwanciyar hankali, amma daga bencin asibiti a Azare nake wannan rubutu. Ƙanwata Hadiza na ciki, ƙodarta ta gaza, kuma mun sayar da gona da babur saboda wankin ƙoda.

Baba yana da wata al'ada da muke yi masa dariya a kai. Duk haihuwar da aka yi masa sai ya nemo sabuwar takardar kuɗi ya ajiye, ranar suna kuma ya rubuta sunan jaririn a kanta da ajami, ya jefa a gwangwanin alawa. An canja fam zuwa naira, an sake canjawa, ya ƙi kai ko ɗaya banki. Ina tunanin me zai ce yau da ya ga takardar dubu guda ba ta cika ledar magani.

Wani maƙwabcinmu a kasuwa, ɗan kudu mai sayar da kayan babur da ya daɗe a Azare, shi ya gaya mini akwai masu tara tsoffin kuɗi a Legas, suna saye da tsada. Na kwaso gwangwanin na kai masa. Ya kira ɗaya daga cikinsu a waya, yana ɗaga takardun yana kwatanta masa. Amsa ɗaya ce: tawada ta kashe su. Tawa, ta Hadiza, ta yayyenmu, duk rubutun Baba ya mayar da su takardar banza a idon mai saye. Wallahi a ranar na ji haushin Baba, yana kabarinsa.

Guda ɗaya ce mai tsabta, sule goma mai hoton buhunan gyaɗa, ko lanƙwasa babu. Ita mutumin ya yi wa farashi. Ban san ta waye ba sai da na kai wa Inna. Ta daɗe tana shafa ta, sannan ta ce ta ɗanta na fari ce, wanda ya koma kafin ranar suna. Ba mu taɓa jin labarinsa ba. Ba shi da suna, kabarinsa ma ya ɓace, wannan takarda kaɗai ce shaidar ya zo duniya.

Na ce mu bar ta, za mu nemi wata hanya, alhali na san babu. Inna ta danƙa mini ita a tafin hannu.

"Kai musu. Yayan Hadiza ne, bai taɓa yi mata komai ba. Bari ya yi yau."

Kuɗin ba zai kai mu kaka ba, kuma ban san ƙofar da zan buga bayan nan ba. Abin da ya rage na Baba shi ne gwangwani cike da sunayenmu da hannunsa, wanda ba mai saye. Allah ya jiƙansa. Inna har yanzu takan buɗe shi ta jera takardun a tabarma, ta bar gurbi ɗaya a farko.