Hatsin da Ya Riga na Kowa Nuna

Shekarar da ruwa ya sake ɗaukewa hatsi yana tsakiyar fid da kai, na ce wa Baba ya isa haka nan. Ni malamin makaranta ne a Tawa, ina da ɗakin da ba kowa a ciki. Shi kuwa yana ƙauyenmu na wajen Barmu, ya tsufa, rumbunsa ba ya kai shi ko bazara. Muka yi ta ja-in-ja har muka tsaya a kan magana ɗaya: zai ƙara gwada damina guda, in ta ƙi ya tattara ya dawo birni. Na san nauyin wannan alkawari a wurinsa, mutumin da ko asibiti sai da dabara ake kai shi.

Ana nan sai aka yi wani taro a Tawa kan noma da sauyin yanayi. Baƙi sun zo daga ƙasashen maƙwabta, har da Turawa, aka ɗauke ni tafinta. An sha dogon bayani kan hayaƙin da ke ɗumama duniya da yadda kowace ƙasa za ta rage nata. Na fassara tsakanina da Allah, amma a raina cewa nake hayaƙin ƙauyenmu kaf bai kai na motocin da suka kawo su ba. Abin da ya shiga kunnena shi ne maganar wani manomi daga Mali, wanda ya ce su ma daminarsu ta gajarce, sai suka koma wani iri mai saurin nuna. Da aka tashi rabon irin, ni ne a gaba.

Baba ya juya ƙwayoyin a tafin hannunsa, ya ce ƙanana ne, amma ya shuka gonar duka. Hatsin kuwa bai ba ni kunya ba. Na maƙwabta yana ciki, namu ya fid da kai. Nasu yana fid da kai, namu ya fara ƙosawa. Har kumbura nake yi in na zo ƙarshen mako.

Ashe tsuntsaye ma suna kallo. A duk faɗin karkarar nan gonarmu ce kaɗai mai ƙwaya, sai jan-baki suka yi mana taron dangi. Baba da Inna suna gona tun asuba, shi da majajjawa, ita tana dukan gwangwani har muryarta da hannunta suka gaji. In an kore su gabas su sauka yamma. Mutane suka samu abin dariya, suna cewa mushe, wato ni malamin makaranta, ya yi wa tsuntsaye walima. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai, amma har gobe ina kan bakana: irin ba shi da laifi.

Ruwa ya sake ɗaukewa da wuri. Gonakin masu dariya suka bushe a tsaye, mu kuwa muka kai gida abin da tsuntsu ya rage, wajen rabi. Ba zai ciyar da gida shekara ba, don haka a lissafina damina ta ƙi, Baba ya zama ɗan birni. Na je ɗaukarsa, sai na iske ya zaɓe zangarniyoyi mafi kyau yana bi gida-gida yana rabawa, har da gidan wanda ya fi kowa yi mana dariya. Na hau faɗa, na ce abincin bakinsa ne yake kyauta da shi.

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Tsuntsun ga na gari duka na, ni ɗai ya iske. In munka shibka tare, kowa ya ɗauki rabonai."

Na koma Tawa ni kaɗai, na riƙa aiko masu da abinci a motar kasuwa ina gunaguni.

Da damina ta kewayo, yawancin unguwarmu suka shuka irin a ruwa ɗaya. Tsuntsaye sun zo kamar yadda suka saba, amma suka watsu; kowa ya yi asara kaɗan, kowa ya ɗaure damma. Rumbun Baba ya cika har sai da aka ɗaga hular rumbun aka zuba ta sama.

Duk da haka na sake yi masa tayin birni, don gaskiya ba yunwa kaɗai nake guje masa ba. So nake in riƙa jin tarinsa da safe a gidana, 'ya'yana su san shi. Ya gane abin da nake nufi.

"Ina zakkuwa ran kasuwa in gane ku," in ji shi. "Amma kwana, nan ni ka kwana."

Na yi murna, wallahi na yi. Sai dai a hanyar komawa, ɗakin nan da ba kowa a ciki nake ta tunawa a cikin mota.