Malam Nasidi, Mai Shuɗin Kebul na Asibitinmu

Kullum da hantsi Malam Nasidi zai jingine kekensa a bakin ƙaramin asibitinmu na ƙasar Zurmi, ya share teburi, ya yaye zanen da yake lulluɓe tsohuwar kwamfuta da shi. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ya fara aiki, yana buga tafireta. Da kwamfuta ta zo, shi ya koya wa kansa ita.

Tsohuwar nan ita ke riƙe da rajistar marasa lafiya, kuma daga gare ta kaɗai babban sito ke karɓar buƙatar magani. Saƙon ba ya shiga sai ta VPN, wata killatacciyar hanya a intanet, ga shi kwamfutar ta tsufa, ba ta ɗaukar ta. Sai Malam ya kunna VPN a laftof ɗinsa, ya ba shi izinin rabawa, ya jona shuɗin kebul tsakanin su biyun. Da haka magani ke zuwa mana, yawancinmu ba mu ma sani ba.

A daminar da aka yanke sabis ɗin waya saboda 'yan bindiga, amai da gudawa suka shigo. Mutum goma sha ɗaya muka binne cikin kwana huɗu. Malama Rahina, nas ɗinmu, ta same shi a ofis.

"Malam, ledar ƙarin ruwa shida ta rage. Mi za mu yi?"

"A nemo min Jatau direba. In sabis bai zo ba, mu mu tahi mu iske shi."

"Hanyar ga? Jiya anka ɗauke mutane. Kuma ɗiyarka na kwance."

"Zulaihat na hannunki. Ni ban iya sa ruwa ba, wanga shi na iya."

Shi da Jatau suka naɗe kwamfutar da laftof cikin bargo, suka ɗauki batirin mota. Jatau ya ce sun wuce motoci biyu ƙonannu. Sai da suka fita jihar wayar Malam ta yi ƙara. Nan bakin titi ya baje kaya a bayan mota, ya jona kebul. Sau uku VPN na yankewa. A na huɗu saƙo ya tafi.

Da suka dawo bayan La'asar, an riga an kai Zulaihat makwancinta. Shekararta goma sha tara. Malam ya tsaya ya yi mata addu'a, ya karɓi gaisuwa, washegari ya zo ya mayar da kwamfutar kan teburinta. Kwana uku bayan haka motar sito ta iso da ledojin ƙarin ruwa.

Malam Nasidi, kai ne wanda bai taɓa riƙe allura ba, amma yaran da ke tsalle yau a Dauran da Gurbin Bore da yawansu ta hannunka suka tashi. Kai ne ba ka taɓa ba da labarin nan ba, sai daga bakin Jatau muka ji.

Yanzu idanunsa sun yi rauni, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ya zaunar da Malama Rahina ya nuna mata komai, ya sa ta maimaita har ta iya.

Mun gode, Malam. Allah Ya jiƙan Zulaihat, Ya saka maka da Aljanna. Ku kuma ma'aikata, wanda ya iya wani abu komai ƙanƙantarsa, ya riƙe shi da amana, ya koyar kafin ya tafi. Wanda ke kusa kuwa, ya je ya gaishe shi tun yana iya gane fuska.