Shatin Hannu a Bangon Birki

Mai Fenti ake kiransa a layinsu, har matarsa ma in ta so tsokana. Tun yana saurayi ya kama sana'ar, bai kuma taɓa yin wata ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba a raba ƙasan farcensa da farin fenti komai wankin da ya yi. Magana ba ta dame shi ba. In an kai shi gida aiki, sai ya fara zagaya ɗakunan, hannu a baya, yana duban bango kamar wanda ya zo dubiya. A nan yake gane inda ruwa ke tsatsafowa, da inda aka daɗe da jingina kujera, da inda yara ke goge hannu bayan cin abinci. Ba ya faɗa wa masu gida abin da ya gani. Kankarewa yake yi, ya cike ramuka, ya shafe.

Yana sabon aure katako ya taɓa karyewa da shi a wani bene da ake ginawa. Ya zubar da jini sosai, aka yi masa ƙari, ya warke, ya koma kan tsani. 'Ya'yansa mata suka girma, kowacce ta tafi gidanta. Sai da furfura ta fara fito masa, gajiya ta ƙi sakinsa, sannan aka auna jininsa aka ce ciwon hanta ne, nau'in da ake kira C. Likita ya ce ƙila tun wancan ƙarin jinin ne, ƙila kuma wani abu ne daban, ba mai iya rantsuwa. Ya ce akwai magani: allura sau ɗaya a mako, mutum ya yi wa kansa a fatar ciki, da ƙwayoyi safe da yamma, kusan shekara guda. Ya ce maganin yana da wahala, kuma wanda ya yanke a tsakiya ya yi asarar wahalarsa.

Mai Fenti ya gyaɗa kai. A ransa ya ce wanda ya faɗo daga bene, wace allura ce za ta ba shi tsoro.

Allurar kanta ko sauro ya fi ta zafi. Abin da ke biyo bayanta ne bai yi wa shiri ba. Sanyi ya kama shi har haƙoransa suna haɗuwa, matarsa ta lafta masa barguna, can kuma zufa ta jiƙa katifa. Gaɓoɓinsa su yi kamar an daddake su. Kafin ya gama dawowa hayyacinsa, mako ya zagayo. Abinci ya koma masa kamar yana lasar ƙarfe. Fatarsa ta bushe, ƙaiƙayi ya hana shi sakat, gashi ya fara biyo tawul.

Sai warin fenti, wanda ya shaƙa duk rayuwarsa har ya daina jinsa, ya dawo masa sabo. Da ya ɓalle murfin gwangwani sai zuciyarsa ta tashi. Ya daina karɓar fentin mai, ya tsaya a na ruwa. Ya daina hawa dogon tsani, ya ɗaura rola a sanda yana miƙawa daga ƙasa, abin da a da yake yi wa wasu dariya a kansa.

A bencin asibiti, inda masu irin ciwon ke jiran a ɗebi jininsu, ya haɗu da Birki. Tsohon direban bas ne, dogo, ya girme shi da 'yan shekaru, ya kuma riga shi fara maganin. Fasinjoji suka laƙaba masa sunan, wai don shi ne abin da ba ya takawa. Kullum cikin rigar guga yake zuwa, fuska a aske, turare yana tashi, takalmi yana ƙyalli.

"Sabon shiga ne?" ya tambaye shi ranar farko. "Na gani a idonka. Matso nan, ƙanena, ba ma cizo. Mu nan duk hantarmu ɗaya."

Shi ya koya masa dabaru. Ya sha ruwa da yawa kafin allura. Ya fito da ita daga firji ta ɗan huce kafin ya soka. Ya riƙa sauya gefe, wannan makon dama, mako mai zuwa hagu. Ya ci abinci kaɗan-kaɗan da cokalin roba, ɗanɗanon ƙarfen zai ragu. Birki ya karɓi lambar wayarsa, duk washegarin allura kuma sai wayar ta yi ƙara.

"Kana raye?"

"Da sauƙi, Yaya."

"Muryar nan ba ta ce da sauƙi ba. Tashi ka zauna. Ni da kake ji yanzu na dawo daga kasuwa, a ƙafa ma. Abin nan ba komai ba ne, in ka nuna masa tsoro ne yake hawa kanka."

Da farko maganar tana ɗaga shi. Yakan tashi ya zauna ɗin, har ya sha shayi. Amma da watanni suka ja, sai ta fara yi masa nauyi. Ga mutumin da ya girme shi, allura iri ɗaya, ƙwaya iri ɗaya, ko a jikinsa. Shi kuwa zuwa banɗaki sai ya yi shawara da ƙafafunsa. Ya fara ɓoye wa Birki rabin abin da yake ji. In an ce "Kana raye?" sai ya gyara murya ya ce garau. Bayan ya ajiye wayar ya juya fuska bango.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne halinsa da ya sauya. Mutumin da maƙwabta ba su san sautin faɗansa ba, sai ga shi ƙarar cokali a kofi tana tunzura shi. Wata safiya matarsa tana juya masa shayi, ya fizge kofin ya maka da ƙasa. Ta kwashe fasassun, ta goge wurin. Daga ranar ta koma juya shayi a kicin, ta riƙa tafiya a gidanta kamar baƙuwa. Nas ta taɓa gaya musu maganin yana taɓa zuciya, yana kawo fushi da baƙin ciki. Ya sani, ita ma ta sani. Sanin bai hana ta daina dariya ba.

Sai kuma ranar da jiri ya ɗebe shi a falon wasu mutane, a tsaye a ƙasa, ko tsani bai hau ba. Ya dafe bangon da ya gama shafawa, ya zame, bokitin ya kife a kan tayil. Matar gidan ba ta yi faɗa ba. Ruwa ta kawo masa, ta ce ya je ya huta, za su nemi wani ya ƙarasa. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ranar allura ta zo, bai yi ba. Matarsa ta buɗe firji ta ga kwalin yadda yake, ta rufe.

"Baban yara, yau ba ita ce ranar ba?"

"Na gama."

"Likita ne ya ce?"

"Ni na ce. Wasu jikinsu ya karɓa, nawa bai karɓa ba. Gara ciwon ya ci ni a hankali ina mutum."

Ta daɗe tsaye riƙe da murfin firjin. Ya so ta yi gardama. Da ta juya ba ta yi ba, sai ya gane ita ma ta gaji, abin kuma ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata.

Washegari da hantsi ya zuba ƙanƙara a filas, ya jera sauran alluran a ciki. A ganinsa bai kamata su lalace ba, ga Birki da suke yi wa amfani. Bai taɓa zuwa gidan Birki ba, kwatance kawai ya sani: bayan garejin bas, hawa na biyu, ƙofa mai ruwan ƙasa. Sau biyu ya zauna a matattakala kafin ya kai.

Matar Birki ce ta buɗe. Da ya faɗi ko shi wane ne, sai ta ɗan yi turus, ta ce ya dakata. Ya ji motsi a ciki, ana jan wani abu, ana buɗe taga. An ɗan jima kafin a ce ya shigo.

Birki yana zaune a kujerar falo, riga a goge, turare ya cika ɗakin.

"Wa nake gani? Ƙanena da kansa. Ka zo yi mana fenti kyauta ke nan. Hajiya, kawo masa shayi, amma ki ɓoye kofunan fashi."

Birki kaɗai Mai Fenti ya taɓa ba wa labarin kofin. Ya yi murmushin dole, ya ajiye filas ɗin a tebur, ya faɗi abin da ya kawo shi, kansa a ƙasa. Birki ya fara abin da ya saba: haba namiji, saura ƙiris, dubi ni. Mai Fenti bai iya kallonsa ba, sai ya kai ido bango, yadda ya saba.

Fentin ruwa ne mai launin madara, bai wuce 'yan shekaru ba. Daga ƙofar ɗakin kwana wani dogon datti ya taso, daidai ƙugu, ya bi lungun har ƙofar banɗaki. Shatin tafin hannu ne, ɗaya kan ɗaya, har wurin ya yi sheƙi. A kusurwa, inda mutum zai juya, fentin ya ci har siminti ya leƙo. Ƙasa da wannan kuma akwai wani layin, daidai gwiwa, wanda bai kai na saman tsufa ba.

"Yaya, hannun wa ke nan?"

"Jikoki. Ka san yara."

"Jikanka mai tafin hannu kamar faranti?"

Matar Birki da ta shigo da tire ta ajiye shi a hankali.

"Gaya masa," ta ce. "In ba ka gaya masa ba ni zan faɗa. Na gaji da gugar rigar zuwa asibiti."

Da Birki ya yi magana, muryar ba wadda ake ji a waya ba ce.

"Na saman, na watannin farko ne. Na ƙasan, da rarrafe." Ya shafa gwiwarsa. "Kasuwar da nake ce maka na je, daga katifa nake faɗa. Ita ke riƙe min wayar."

"Me ya sa?"

"Na ga idonka ranar nan. Na ce in yaron nan ya san gaskiya, ba zai kai wata ba."

"Ni kuwa na ɗauka ni kaɗai ne rago." Mai Fenti ya juyo ya kalle shi. "Kullum in ka kira sai in ji kamar in nutse. Da ka ce min kai ma kana rarrafe, Yaya, da mun yi rarrafen tare."

Birki ya kalli filas ɗin.

"Ɗauke kayanka. Ni an tsayar da nawa tun watan jiya. Jinina ya yi ƙasa, ciwon kuma bai motsa ba. Likita ya ce a jira, ƙila wani maganin ya fito." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Bencin asibitin nan don kai nake zuwa. Kai naka awon ya nuna yana ja da baya, da kunnena na ji nas tana faɗa maka. Ni aka sauke ni a hanya, kai kuma kana son dirowa da kanka."

A waje ana ta gwada injin wata bas, ya tashi ya mutu. Shayin ya huce a gabansu. Can Mai Fenti ya jawo filas ɗin, ya buɗe, ya zaro allura ɗaya ya riƙe a tafinsa don ta ɗan yi ɗumi.

"Kira asibiti tukuna ka ce ka makara da kwana ɗaya," in ji Birki. Mai Fenti ya kira. Nas ta yi masa faɗa, ta ce ya yi yanzu.

"Wane gefe ka yi wancan makon?"

"Dama."

"To hagu. Hajiya, shimfiɗa masa a nan, ki kira matarsa ta san inda yake."

Tun daga ranar a falon nan Mai Fenti yake yin allurarsa. Matarsa takan rako shi, ita da matar Birki su shige kicin su rufe ƙofa, wani lokaci a ji suna magana ƙasa-ƙasa, wani lokaci ba a jin komai. Sauƙi bai zo ba. Sanyin yana nan, fushin yana nan, aiki sai ɗan abin da ba a rasa ba. Abin da ya sauya kaɗan ne: in an ce masa yaya jiki, yakan ce babu daɗi, a ce masa haka yake.

Birki ya daina zuwa benci, ya daina sa rigar guga. Cikinsa ya fara kumbura, idonsa ya sauya launi, hirarsa ta ragu. Ranar allurar ƙarshe yana kwance a doguwar kujera, an tokare shi da matasai. Sakamakon Mai Fenti sai bayan wasu watanni za a sani, likita bai yi alkawarin komai ba.

Mai Fenti ya soka allurar, ya zare, ya danne wurin da auduga.

"Saura nawa?" Birki ya tambaya, ido a rufe.

"Babu, Yaya."

Mai Fenti ya zaci barci ya ɗauki Birki, sai ya ji muryarsa.

"To mako mai zuwa fa?"

"Zan zo."

"Ka zo da wuri," in ji shi. "Da yamma ba na gane mutane sosai."