Layin da Kawu Sanda Ya Tsaya Shi Kaɗai

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar kawuna, Malam Sanda, malamin tarihi a Jega, Allah ya jiƙansa. Na daɗe ina jinkirta wannan rubutu, har yanzu kuma ban tabbata na cancanci yinsa ba.

Akwai wani basaraken Ingila na ƙarni na sha takwas da Kawu yake yawan ba mu labarinsa a aji. Mutumin ya gaji gonaki, ya gaji kujerar majalisa tare da su. Masu zaɓensa duk a ƙasarsa suke noma, kuma a fili kowa ke faɗin wanda ya zaɓa, wakilin maigida na tsaye yana ji. Yau yana tare da gwamnati, gobe yana adawa, bai taɓa faɗuwa ba. Mukan yi dariya, mu ce sai Turawa.

Sai aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, aka zo zaɓen da ake bin layi a bayan hoton ɗan takara. A ƙauyenmu na wajen Aliero, ɗan gidan da ke ba mutane aron fadama ya fito takara. A fadamarsu kowa ke dasa albasa, har Kawu. Ni kuwa na gama jami'a, takarduna na neman aiki suna Birnin Kebbi, an kuma raɗa mini cewa kalma ɗaya daga gidan ta isa.

Ranar zaɓe Kawu ya tsaya a layin ɗaya ɗan takarar, shi kaɗai. Na shiga dogon layi, kaina a ƙasa. Da aka gama ƙirga ya zo ya dafa kafaɗata.

"Ɗan ƙanwata, mi kaka ɓoyo? Ai kai ne ka fi kowa gane darasin."

Kafin lokacin dashe aka karɓe fadamarsa aka ba wani. Ni na samu aikin. Ba zan ce wannan ne ya jawo wancan ba, ba ni da shaida. Na dai san har ya rasu sayen albasar miyarsa yake yi a kasuwar Jega, kuma bai sake tayar mini da maganar ba.

Yanzu a ɓoye ake jefa ƙuri'a. Ɗan gidan ya canja jam'iyya ya sake canjawa, yana nan a kan kujera. Da Kawu zai leƙo, ina jin ba zai tambayi yadda ake zaɓe ba. Fadamar zai tambaya tana hannun wa.

Littafin darasinsa ne ya rage, yana wurina. Kwanan baya 'yata ta karanta shi, ta ji labarin ranar a bakin dangi, ta ce, "Baba, kai a wane layi ka tsaya?"

Na ce mata an daɗe, na manta.